Waya da Sitiyari: Ina Ruwan Matar da Ke Zaune a Gida?



Uwar ƙungiya, iyayenmu da suka kafa wannan tafiya, shugabannin kwamitoci, 'yan uwana mambobi, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

Na san a taro irin wannan an fi son jin maganar riba da rabon kuɗi, kuma ma'aji tana nan tafe da nata bayanin. Ni abin da aka ba ni daban ne, wato dokar da ta hana amfani da waya lokacin tuƙi. Wata za ta ce, mu da yawancinmu ko sitiyari ba mu taɓa riƙewa ba, ina ruwanmu? To ku ɗan ba ni aron kunnuwanku, don ruwanmu ne tsundum.

Bari mu fara da ita dokar. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, an kafa ta a 1988, lokacin babu wanda ya san wayar hannu a ƙasar nan. Sai a 2001 layin GSM ya shigo. Dokar hukumar ta 2007 ta saka kira ko amsa kira ana cikin tuƙi a jerin laifuffukan hanya, sannan ƙa'idojin hanya na 2012 suka faɗaɗa abin ya haɗa da aika saƙo, karanta shi, da shiga intanet. Tarar da aka daɗe ana yankewa naira 4,000 ce, a kuma rubuta wa direba maki 4 na laifi a lasisinsa. Daga watan Yuli na 2017 hukumar ta ƙara wani abu, ta fara da Abuja: wanda aka kama da wasu manyan laifuffuka, ciki har da wannan, sai a tura shi asibiti a yi masa gwajin ƙwaƙwalwa, kuma shi zai biya kuɗin gwajin. Mutane sun yi ta dariya a lokacin. Ni kam ban ga abin dariya ba. Mutumin da ya ɗauko rayuka a bayansa, ya sunkuyar da kai yana rubuta saƙo, ai ya kamata a tambayi lafiyarsa.

Me ya sa aka matsa haka? Mu yi lissafi, tunda mu 'yan lissafi ne. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa, wanda gudun cikin gari ne, tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Alat ya shigo. Kafin mutum ya buɗe waya, ya nemo saƙon, ya ƙirga sifilin ya tabbatar dubu goma aka turo ba dubu ɗaya ba, daƙiƙa biyar ta wuce. Mita 70 ke nan ya tafi idonsa ba ya kan titi. Ɗan sahun da ke gudun kilomita 40 zai ci mita 55. Ku auna da layinku: gida nawa ne a cikin mita 55? Yara nawa ke tsallaka wannan wurin idan an tashi daga Islamiyya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari kusan sau huɗu. Ta kuma ce maƙala abin ji a kunne ko sa waya a sifika bai rage haɗarin sosai ba, don matsalar ba a hannu kaɗai take ba, tana cikin kai. Mu mata mun fi kowa sanin wannan. Wace ce a nan ba ta san yadda miya ke kamawa ba idan hira ta yi daɗi a waya? Hannu yana kan ludayi, ido yana kan tukunya, amma hankali yana gidan biki. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ba mu kaɗai ke fama ba. A Ingila tun watan Disamba na 2003 aka hana riƙe waya ana tuƙi. A 2017 suka ninka hukuncin ya koma fam 200 da maki 6, kuma sabon direban da bai cika shekara biyu da lasisi ba, maki 6 ɗin nan sun isa a karɓe lasisin, ya koma ya sake jarrabawa. A 2022 suka ƙara toshe ƙofa, ko hoto mutum ya ɗauka ko waƙa yake nema, laifi ne. Waɗanda suka je Umara ko Hajji a 'yan shekarun nan sun ga yadda direbobin Saudiyya ke kaffa-kaffa, don can kyamara ce ke kama mai waya a hannu, tara ta same shi ta saƙo, babu wanda zai tsaya ya roƙa. Har masu keke ba a bari ba. Ƙasar Holan, inda keke ya fi mutane yawa, ta hana riƙe waya a kan keke daga 1 ga Yuli, 2019, tarar farko yuro 95. Japan kuma daga Nuwamba 2024 ta ce mai keken da aka kama yana waya ko kallon fuskarta zai iya shan ɗaurin da ya kai wata shida ko tarar da ta kai yen 100,000.

Idan kun lura, waɗannan dokoki, tamu da tasu, galibi mutum ɗaya suke kamawa: wanda ke riƙe da wayar a kan hanya. Ba kasafai ake waiwayar wanda ya kira shi ba. Nan ne maganata take. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ku duba yadda sana'armu ta koma. Mai turaren wuta, mai dambun nama, mai atamfa da leshi, mai sayar da zoɓo da kunun aya, kusan kowa yanzu a WhatsApp take ciniki, kaya kuma ɗan aike ne ke kai su, a babur ko a adaidaita sahu. An ɗora masa kaya ya tafi. Minti goma ba a yi ba mai saye ta kira: "Hajiya, har yanzu fa shiru." Sai Hajiya ta kira yaro: "Kana ina?" Bai ɗauka ba, ta sake kira. Ta sake. A na huɗu ya ɗauka, hannu ɗaya a kan babur, ɗaya a kunne, ko ya cusa wayar cikin hular kwano idan ma yana da ita. Kuma abin da zai ce bai wuce "ga ni nan a hanya" ba, abin da ita ma ta riga ta sani. Kiran bai rage masa cunkoson Kantin Kwari ba, bai sa danja ta ba shi hannu da wuri ba.

Kuma me ya sa yake ɗauka? Don ya san idan bai ɗauka ba za a yi masa faɗa, ko gobe a ba wani aikin. Tsoron Hajiya ya fi masa tsoron jami'in hanya, don jami'in yana iya haɗuwa da shi yana iya ƙin haɗuwa, amma Hajiya tana nan kullum. Haka yake a cikin gida. Maigida ya fita, an tuna ba a faɗa masa ya taho da burodi ba, a kira. An ga bai ɗauka ba, a fara zargi, a jera masa kira bakwai, ya dawo a tare shi da "me ya hana ka ɗaukar wayata?" Iyayena, mutumin da aka saba yi wa wannan tambayar zai koyi ɗaukar waya ko a tsakiyar shataletale yake.

A ganina naira 4,000 ba ta kai ta tsorata kowa ba a yau, ko cefanen yini ba za ta yi wa gida mai yara ba. Kuma jami'an FRSC da na KAROTA ba za su tsaya a kowane lungu ba. Amma tarar gaskiya ba ita ce wannan ba, kuma mu muke biyanta. A cikinmu akwai waɗanda suka ci bashin ƙungiya suka saya wa ɗa ko ƙane babur ko adaidaita, yana kawo balas, da shi ake biyan bashin duk wata. Ranar da ya bugi wani, ko aka buge shi, abin hawa yana wurin 'yan sanda ko wurin bakanike, shi yana kwance a asibitin ƙashi na Dala ko gidan mai ɗori wata biyu, wata uku. Balas ya tsaya. Ga kuɗin magani, nasa da na wanda ya buge. Bashin ƙungiya kuwa bai san an yi haɗari ba, don kuɗin sauran mambobi ne, wata ma tana layi tana jiran nata. Jinya kuma wa ke yi? Mu ne dai, mu rufe sana'a mu koma zaman gefen gado. Wannan ma idan abin ya zo da sauƙi ke nan, ba a rasa rai ba.

Sai maganar shiga abin hawa. Mu ne muka fi cika adaidaita sahu, da goyo a baya da yaro a cinya. Direba yana ta danna waya, kowa ta gani, kowa ta yi shiru, wai kar a ce ta cika surutu ko ya yi mata rashin kunya. Kunya adon mace ce, amma ba a nan ba. Ba sai an yi faɗa ba. "Ɗana, don Allah ajiye wayar nan, ko ka tsaya ka gama mu jira ka." Yawancinsu idan aka faɗa da daɗin baki suna ajiyewa. Idan ɗaya ta yi magana, sauran ku mara mata baya, kar ku bar ta ita kaɗai kamar ita ce mai laifi. Wanda ya ƙi, a sauka a biya shi na inda aka zo. Kuɗin mota na biyu ya fi kuɗin ɗori sauƙi.

Waɗanda ke tuƙi a cikinmu, kuma alhamdu lillahi suna ƙaruwa, ba a cire ku ba. Wayar ta zauna a jaka, jakar a kujerar baya. Yaran da kuke kaiwa makaranta suna kallo, kuma su ne direbobin gobe. Yaranmu masu keke ma haka: ana aiken yaro kai niƙa, a ba shi waya "don a ji inda yake", ya toshe kunnuwa biyu da waƙa, mota tana masa hon bai sani ba. Idan dole ne ya tafi da ita, ta zauna a aljihu, ba ya taɓa ta sai ya sauka.

Uwar ƙungiya, ina da roƙo da nake so a saka a ajandar taron wata mai zuwa. Duk wadda za a ba bashin babur ko adaidaita, a zo da wanda zai tuƙa, a karanta masa sharaɗi a gabanta cewa ba waya a kan hanya, ita ma ta sa hannu cewa ba za ta tsananta masa da kira ba. Masu aika kaya kuma mu daidaita a kan abu ɗaya: kira ɗaya ya isa. Idan bai ɗauka ba, tuƙi yake, zai nemi wuri ya tsaya ya kira. Mu riƙa faɗa wa mai saye tun farko cewa kaya za su iso tsakanin ƙarfe kaza da kaza, kuma mu daina ba ta lambar ɗan aike tana bin sa da kira, sai ya iso unguwarsu shi ya neme ta. Na san wata za ta ce kwastoma za ta gudu. Mu tattauna wannan a taron, don idan duk muka yi tare, babu inda za ta gudu ta je a cikinmu.

Kafin in zauna, kowa ta fito da wayarta, tunda yanzu ba tuƙi muke ba. Ku adana lamba 122. Ita ce lambar gaggawa ta FRSC, kyauta ake kiranta idan an yi haɗari a hanya. Wadda ba ta iya adanawa ba, 'yar kusa da ita ta taimaka mata.

 Allah Ya tsare mana iyalanmu a hanya, Ya ƙara wa ƙungiya albarka.