Jawabi a Taron Ƙungiya: Kwance Aksul Ba Wuya, Mayarwa Ita Ce Aiki

Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, dattawa da 'yan'uwa 'yan kasuwa mazauna Kagara.

Mu ba kanikawa ba ne, fataken hatsi ne. To amma asara makaranta ce, shi ya sa muka roƙi a ba mu 'yan mintoci.

Kun san a-kori-kurarmu mai jan ƙafa huɗu, wadda ke kwaso mana masara daga ƙauyukan Madaka da Pandogari. Da aksul ɗinta na gaba ya fara kuka muka kai ta gareji. Wannan tukunyar giya ita ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba, ta bar na waje ya fi na ciki gudu a kan kwana. Aka kwance, aka sa sabon boris. Mu kuwa muka tsaya a kan makanike, sai ya gama kafin ranar kasuwa. Ya ɗaure a gurguje. Ba a yi mako biyu ba haƙoran giya suka cinye juna, mota ta tsaya da buhuna a daji bayan la'asar. Tun sace ɗaliban makarantar kimiyya ta garin nan a 2021, wa ke son direbansa ya kwana a hanya? Sauri ya haifi nawa, kuma rabin laifin namu ne.

Ga abin da muka koya.

Na farko, babban faranti mai haƙora da ƙaramin da ke juya shi, wato kiraun da finiyo, tare ake ƙera su, tare ake canja su. In za ku sayo na hannu a Minna ko Panteka ta Kaduna, ku ƙirga haƙora. In na baya 41 da 9 ne, lissafin na gaba ma ya zo daidai da shi. In sun saɓa, da an sa ƙafa huɗu gaba da baya za su yi ta kokawa har wani ya karye.

Na biyu, marufan boris da siraran wasa da ke bayansu, a yi musu alama kafin a cire, kowane ya koma gefensa.

Na uku, ana barin ɗan sarari tsakanin haƙoran, a ƙananan motoci bai wuce kaurin takarda biyu ba. In ya matse giya ta yi zafi, in ya yi yawa ta yi ƙara. Makanike na ƙwarai zai shafa fenti a haƙoran, ya juya, ya nuna muku shaidar ta zauna a tsakiya. Ku ce a nuna muku, haƙƙinku ne.

Na huɗu, sabuwar robar tare mai, da man giya mai lamba 90, a zuba har ya leƙo bakin rami. Da damina in mota ta ƙetare rafi a duba man. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, a juye shi.

Na ƙarshe, ku ba mai gyara kwanansa, ku biya shi ladansa cikakke. Kasuwa ɗaya muka ƙi bari ta wuce mu, sai ga shi uku sun wuce.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nemanmu.