Sauya Uwar Allon Kwamfuta a Ɗakunan Kwamfutar Makarantunmu



Muna godiya ga shugabannin reshe da suka ware mana wannan lokaci, mu malaman kwamfuta, domin mu tattauna wani aiki da a zahiri ya yi kama da na masu gyara a kasuwa, amma ya shafi ajinmu kai tsaye. Tun daga shekarar 2015 Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu gaba ɗayanta ta kwamfuta. Ɗalibin da ya kai aji shida na sakandare bai taɓa riƙe linzami ba, zai shiga zauren jarrabawa da ilminsa a ka, amma lokacinsa ya ƙare yana laluben madannai. Duk da haka, kowa a cikinmu ya san makarantar da aka jibge kwamfutoci a kusurwar ɗaki, ƙura ta lulluɓe su, an ce sun mutu. Sau da yawa abu guda ne ya lalace a cikinsu, kuma mafi tsoratarwa ga malami shi ne a ce masa uwar allo ce ta ƙone.

Uwar allo, wadda masu gyara ke kira madabod, ita ce faffaɗan allon nan mai zane-zanen tagulla da ke kwance a cikin akwatin kwamfuta. A kanta furosesa take zaune, a kanta ake dasa RAM, kuma ta cikinta wuta da saƙonni suke ratsawa zuwa kowane sashe. A shekarar 1995 kamfanin Intel ya fitar da tsarin ATX, wanda ya daidaita girman allo da wuraren kusoshinsa. Cikakken allon ATX milimita 305 ne a tsawo, 244 a faɗi. Ƙaninsa microATX yana da milimita 244 a kowane ɓangare, shi kuwa Mini-ITX 170 ne kacal. Ƙaramin allo yakan zauna a babban akwati, babban allo kuwa ba ya shiga ƙarami.

Kafin mu yanke wa allo hukunci, wajibi ne mu yi bincike. Mu gwada kwamfutar da wani akwatin wuta mai aiki. Mu zare RAM, mu goge ƙafafunta da busasshen ƙyalle, mu mayar. Mu canza ƙaramin batir mai kamar kwabo, mai lamba CR2032, wanda ke riƙe agogo da saitin allo. Mu duba 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan allon. Idan kansu ya kumbura ko sun zubar da wani abu mai launin tsatsa, alama ce ta lalacewa. Sai an bi waɗannan matakai ne za mu nemi kuɗin sabon allo da hujja.

Akwai abin da ya fi sukuddireba muhimmanci, shi ne takarda. Kwamfutar makaranta dukiyar al'umma ce. Kada ɗayanmu ya kwance ta sai da izinin shugaban makaranta a rubuce. A rubuta lambar kwamfutar, da lambar tsohon allo da ta sabo, da girman RAM da na ma'adana, a gaban mai kula da sito, kowa ya sa hannu. Tsohon allo ya koma sito, kada ya bi malami gida. Ran da masu binciken kaya suka zo, wannan takarda ce za ta kare mutuncin malami, kuma da ita ƙungiya za ta iya tsaya masa. Haka kuma a kwafe sakamakon ɗalibai da duk wani muhimmin bayani zuwa wani wuri kafin a taɓa komai.

Sai batun saye. Kowace furosesa tana da gurbin da ya dace da ita. Furosesar Intel zubi na 2 da na 3 tana zama a gurbin LGA 1155, zubi na 4 a LGA 1150, zubi na 10 da na 11 a LGA 1200, zubi na 12 zuwa na 14 kuma a LGA 1700. A ɓangaren AMD akwai AM4 da AM5. Ita ma RAM iri-iri ce: DDR3 tana da ƙafafu 240, DDR4 da DDR5 suna da 288 kowacce, amma tsagar da ke gindinsu ba wuri ɗaya take ba, saboda haka ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Mu kuma lura cewa yawancin kwamfutocin ofis da manyan kamfanoni irin su Dell da HP suke haɗawa suna da nasu fasalin allo da nasu wayoyin wuta, don haka allon da ya dace da su shi ne mai lamba irin ta wanda aka cire. Abin da ya fi shi ne mu tafi kasuwa da tsohon allon a hannu, a gwada sabon a gabanmu, mu karɓi rasit. Araha ba ta ado, musamman a kayan da aka riga aka yi amfani da su.

Ranar aiki, a zare wayar wuta daga bango, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu domin sauran wutar da ta maƙale ta fita. A nan za mu ja hankali kan hunturu. Mun san yadda a lokacin sanyi mutum kan taɓa ƙofar mota ko bargo ya ji tartsatsi. Busasshiyar iska ce ke tara wannan wuta a jikinmu. Mutum ba ya jin ta sai ta kai kimanin bolt 3,000, alhali kuwa wadda ba ta kai haka ba nesa ba kusa ba tana iya kashe sashen da ke kan allo. Saboda haka mu yi aiki a kan teburin katako, mu nisanci darduma da rigar leda, mu riƙa taɓa ƙarfen akwati kafin mu ɗauki kowane sashe, mu riƙe allo ta gefensa. Kafin mu zare ko waya ɗaya, mu ɗauki hoton cikin akwatin da wayar salula. Shi kuwa akwatin wuta, kada wanda ya buɗe cikinsa, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an kashe.

Ya fi sauƙi a haɗa manyan sassa tun allon yana waje, a kan kwalinsa. A ɗaga hannun gurbi, a nemi ƙaramar alamar kusurwa uku da ke gefen furosesa, a daidaita ta da irinta da ke kan gurbin, a ajiye a hankali. Furosesa da kanta take zama. Idan ta ƙi, to ba a daidaita ba ne, kada a danna. A gurbin LGA siraran allurai suna jikin allon, a AM4 kuwa suna jikin furosesa, kuma lanƙwashewar guda ɗaya ta isa ta jawo asara. Bayan an kulle hannun, a goge tsohon man sanyaya, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a ɗora ƙarfen sanyaya da fankarsa, a ɗaure kusoshi kusurwa da kusurwa, sannan a haɗa wayar fankar a inda aka tanadar mata kusa da furosesa. RAM kuma a buɗe maƙallanta, a daidaita tsaga, a danna gefe biyu har a ji ta kama. Idan guda biyu ne a allo mai gurbi huɗu, galibi gurbi na biyu da na huɗu ake sa su, amma littafin allon shi ne alƙali.

Daga nan sai akwati. A fara sa farantin ƙarfe na baya, wanda kafofin USB da na sauti suke leƙowa ta cikinsa, domin idan aka manta shi sai an sake kwance komai. Sannan a duba 'yan ƙafafun tagulla da ke ɗaga allo daga jikin akwati. Kowace ƙafa ta zo daidai da rami a allon. Ƙafar da ta tsaya inda babu rami za ta taɓa bayan allon ta haɗa wuta, kuma wannan ƙaramin sakaci ya isa ya ƙone sabon allo tun ranar farko. A ɗaura kusoshi su kama, ba tare da matsewa fiye da kima ba.

Wayoyin wuta biyu ne ba makawa: babbar mai baki 24, da ƙaramar mai baki 4 ko 8 da ke ciyar da furosesa. Mantawa da ƙaramar shi ne yakan sa fanka ta juya amma fuskar kwamfuta ta ƙi nuna komai. Sai wayar SATA zuwa ma'adana, sai siraran wayoyin gaba na maɓallin kunnawa da fitilu. Na maɓalli ba su da gaba ko baya, na fitilu kuwa idan aka juya su fitilar ba za ta kama ba, amma babu abin da zai ƙone.

Kafin a kunna, a duba bayan akwatin wuta. Wasu tsofaffi suna da ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa kimanin rabin haka. Kwamfutar da aka shigo da ita daga can tana kan 115, aka haɗa ta da wutarmu, nan take akwatin wutar zai ƙone, wani lokaci ya tafi da allon.

Da an kunna, a riƙa danna Del ko F2, a wasu kwamfutocin F10, domin shiga saitin allo, wato BIOS, ko UEFI a sababbi. A tabbatar allon ya ga furosesa, ya ga adadin RAM daidai, ya ga ma'adana. A gyara kwanan wata da lokaci, domin agogon da ya kauce yakan hana shafukan intanet buɗewa. A duba zafin furosesa. Idan yana ta hauhawa alhali ba ta aikin komai, a kashe a sake ɗora ƙarfen sanyaya. A tsara inda kwamfuta za ta fara tashi. Idan tsohuwar Windows ta ƙi tashi, a duba ko saitin SATA na sabon allo ya bambanta da na tsoho. Ya dace a sa kalmar sirri a saitin domin hannun yara, amma a rubuta ta a ajiye a ofishin shugaban makaranta, saboda malami yana iya samun canjin wurin aiki.

Akwai abin da ya kamata masu sayen kaya su sani. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma tana bukatar allo mai TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel, galibi daga zubi na 8 zuwa sama. Tsohon allo zai ci gaba da koya wa yara rubutu da atisayen jarrabawa, ko da Linux ne, wadda kyauta ce. Amma idan makaranta za ta kashe kuɗi mai yawa, gara ta sayi wanda zai daɗe. Lasisin Windows ma yakan ɗauru da allo, don haka bayan sauyi ana iya bukatar sake tabbatar da shi.

Abin da ya kashe tsohon allo, idan ba a magance shi ba, shi zai kashe sabo. A wurinmu manyan abokan gaba uku ne: ƙura, zafi da wutar da ke hawa da sauka. A rufe kwamfutoci bayan an tashi, a busa ƙurar cikinsu kowane zango, a sa musu na'urar daidaita wuta, kuma a kashe su kafin a juya daga wutar gari zuwa janareta. Rigakafi ya fi magani.

A ƙarshe muna gabatar wa reshe buƙatu uku. A tanadi akwatin kayan aiki guda da makarantu za su riƙa ara. A buɗe rajistar kwamfutocin da suka tsaya a kowace makaranta, domin daga matattu uku sau da yawa akan tayar da biyu. Sannan malamin da ya iya ya koya wa na makarantar da ke kusa da shi, kuma duk lokacin da za a buɗe kwamfuta a kira ɗalibai maza da mata su tsaya su gani, su riƙe sukuddireba da hannunsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

 Allah Ya albarkaci aikinmu, Ya ba ɗalibanmu nasara.