Me ya sa kwamfutar cinya ke rage gudu idan an cire mata wuta?

 

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu da ke rubuta lissafin riɗi da dawa a kasuwa. Ya ce kwamfutar teburin shagonsu tana aiki fes, amma ta cinyarsa da zarar ya zare waya daga bango sai ta kama jan ƙafa. Yana so ya sani, lalacewa ta yi ne ya kai ta wajen mai gyara?

To malam, ka ajiye kuɗinka tukuna. Galibi haka aka saita ta tun daga masana'anta.

Cikin kowace kwamfuta akwai firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, ana auna saurinta da gigahaz. Gwargwadon saurinta, gwargwadon wutar da take sha da zafin da take fitarwa. Shi ya sa a shekarar 2000 kamfanin Intel ya kawo fasahar SpeedStep, AMD kuma ya kawo PowerNow!, don kwamfutar cinya ta riƙa rage gudu idan tana kan batir. Daga baya dabarar ta shiga kwamfutocin tebur ma. Yau dukansu suna hawa da sauka gwargwadon aiki.

Amma ba a ba su igiya iri ɗaya ba. Firosesar tebur da yawa an ƙera su ne a kan wat 65, ga babbar fanka, ga fili a cikin akwati. Na ƙananan kwamfutocin cinya da yawa kuwa wat 15 ne.

A manhajar Windows, tsarin da kwamfuta ke zuwa da shi sunansa Balanced, idan allonka na Larabci ne za ka ga Mutawazin. A kwamfutar cinya tsarin nan fuska biyu gare shi: ɗaya ta lokacin caji, ɗaya ta lokacin batir. Idan tana caji ta yi zafi, fanka ce ke fara ƙara gudu. Idan tana kan batir, firosesa ce ake fara rage wa gudu kafin a tayar da fanka. Ga jan ƙafar da mai tambayarmu yake gani.

Yanzu ku kasa kunne, don nan ne abin ya shafe mu. Wanda ya tsara waɗannan saituna ya ɗauka cewa duk wutar da ta fito daga bango ba ta ƙarewa. Mu kuwa mun san halin kahraba a wajenmu, balle tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023. Shaguna da yawa sola suke amfani da ita, da batir da inbata. Kwamfutar tebur ba ta san wannan ba, tana sha ne kamar tana kan layin gwamnati. Ita ma ta cinya, idan ka jona ta da inbata, sai ta ɗauka wuta ta wadata, ta saki gudu, ta kuma kama cika nata batirin. Kafin la'asar batirin shago ya faɗi, ga manoma a layi suna jiran a buga musu takarda.

Abin yi ba wuya. Ka shiga Control Panel, ka buɗe Power Options. Idan aikinka rubutu ne da lissafi, ka bar ta a Balanced, ko ka zaɓi Power saver idan batirin shago ya yi ƙasa. Ka kiyayi High performance, domin yana riƙe firosesa a sama ko da ba ta aikin komai. Masu haɗa bidiyo ko sauti, irinmu a nan gidan rediyo, su ne ke da dalilin kunna shi, su ma su kashe idan sun gama.

Sai maganar zafi. A watan Afrilu nan Gadarif ma'auni kan kai digiri 40, har ya wuce. Firosesa da yawa idan ta kusa digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, ko wane tsari ka zaɓa. Saboda haka kada a ɗora kwamfutar cinya a kan katifa ko buhu, ƙofofin iskarta a ƙasa suke. A riƙa hure mata ƙura, musamman lokacin kaka da ƙaiƙayi ke tashi a kasuwa.

Idan ka yi duk wannan, tana kan caji, ba ta da zafi, amma har yanzu tana jan ƙafa, to sannan ka nemi mai gyara, ya duba caja da batir kafin komai.

Mako mai zuwa za mu yi magana a kan yadda za ka lissafa yawan wat ɗin da shagonka ke ci kafin ka sayi batirin sola. Ku ci gaba da turo tambayoyinku. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mun sake saduwa.