Jinya Ba Ta Ƙarewa a Ƙofar Asibiti

Yau hirar tamu a kan jinyar gida ce, da kuma ƙaramin asibitin nan na ƙaramar hukuma da ke unguwarmu, wanda da yawanmu muka raina, muna cewa ai ba su da komai sai farasitamol.

Kwanakin baya na je duba surukar wata ƙawata. Hawan jini ne ya kayar da baiwar Allah, ɓarin jikinta ya shanye. Da aka sallamo ta daga babban asibiti, sai jinya ta koma hannun ƙawar tawa. Wallahi ta yi iya ƙoƙarinta, ga wanki, ga girki, ga kwashe bayan gida. Amma ba wanda ya gaya mata cewa mai kwanciya sai ana juya shi. Kafin wata ya zagayo, gyambo ya ɓulla a ƙugun Hajiya. Sai da wata ma'aikaciyar lafiya ta asibitin unguwarsu ta shigo gidan, ta wanke ciwon, ta koya mata abin yi, sannan aka samu kansa. Tafiyar minti 10 ce fa tsakaninsu da asibitin nan.

To 'yar uwa, idan kina da majinyaci a kwance, ki riƙa juya shi duk bayan awa 2. Kada shimfiɗa ta kwana da lema. Ki riƙa duba ƙugu da duga-dugai da kafaɗa. Da zarar fatar wurin ta canja launi ko ta yi zafi, ki nemi ma'aikacin lafiya. Idan za ki ba shi abinci, ki tayar da shi zaune don kada ya shaƙe. Maganin hawan jini kuwa ba a dainawa don an ji sauƙi, kuma a wannan ƙaramin asibitin za a iya auna masa jinin. Haka mai tarin fuka: maganinsa kyauta ne, amma sai ya cika wata 6 yana sha, ko da tarin ya tsaya tun a wata na biyu.

Mai jego ma majinyaciya ce, ko da tana yawo da ƙafafunta. Likitoci a Zariya sun daɗe da gano cewa yawan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon wuta suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Iyayena, ba raina al'ada nake ba, amma a sassauta. In kuka ga ƙafafunta sun kumbura, ko numfashi na yi mata wuya, ko jini ya ƙi tsayawa, kada a jira sai bayan suna.

Sai rigakafi, wanda Hausawa suka ce ya fi magani. Allurar jariri tana farawa tun daga haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, sannan ta ƙyanda a wata 9, a sake ta a wata 15. Ki adana katin nan kamar yadda kike adana sarƙarki. Da damina, in masu raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro suka yi sallama, a fito musu da yara daga 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sauran ƙwayoyin da suka bar miki kuma ki ba yaron a kwanaki biyun da ke biye. In gudawa ta kama yaro, ki karɓo ruwan gishiri da sukari na leda da ƙwayar zink. In babu, ki tafasa ruwa lita 1, ya huce, ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, ba tozo.

Kada wata ta ce wannan ƙaramin aiki ne. A 2003 an dakatar da ɗigon shan inna a Kano saboda jita-jita, cutar ta sake bazuwa har ƙetare. Amma mata masu bi gida-gida ba su gaji ba, har a 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar cutar ta kau daga Afirka. An ci gaba da ɗigon ne don kada wani nau'inta ya samu kafa.

Na san za ku ce wani lokaci a je ba ma'aikaci, ko ba magani. Gaskiya ne, yana faruwa. Amma akwai kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kan asibitin, ga kansila, ga mai unguwa. Ku haɗu ku kai kuka, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ke kuma mai jinya, ki nemi mai karɓarki ki runtsa. In kika faɗi, majinyata sun zama biyu. Maigida, a taimaka da izini da kuɗin mota.

Nan za mu dakata. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.