Masaukin Baƙo a Zangon Kumasi

Duk wanda ya sauka Kumasi da ɗan guzirinsa, a ganina Zango ya kamata ya fara nufa kafin ya nemi otal. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da shigowar Turawan Ingila Kumasi a 1896, fataken goro sun yi ta kwararowa nan, kuma masu gida ne suka riƙe su: a ba baƙo ɗaki, a adana masa kaya, a haɗa shi da abokin ciniki, a karɓi la'ada. Har yau da sauran wannan al'ada a unguwannin Aboabo da Asawase, inda limami ko sarkin mutanenku zai iya nuna maka ɗakin haya. Abinci kuwa sai ka zaɓa, koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, tuwo da dare, duk a bakin titi da araha.

Wasu za su ce akwai cunkoso da matsalar magudanan ruwa. Gaskiya ne, don haka mai tafe da iyali ya duba ɗaki da makewayi kafin ya biya. Amma ga wanda ya zo sarin kaya kasuwar Kejetia, abin da ya rage daga kuɗin kwana ƙari ne a jarinsa, ga kuma mai tsaya masa idan ciniki ya rikice.