KWANAKIN MUHASABA: NASIHA GA 'YAN'UWA MURIDAI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku shehunnanmu da muƙaddamai da sauran 'yan'uwa na Tambuwal da Kebbe, da waɗanda suka taso daga Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da Kuchi, ina neman izinin magabatana in yi tunatarwa guda: kowane muridi ya keɓe wa kansa kwanaki a kowace shekara domin yi wa kansa hisabi.

Dalilin wannan magana shi ne wani abokin karatuna da muka yi zaman zaure ɗaya tun ƙuruciya. Mutum ne mai wuridi, ba ya fashin halƙar zikiri. Ajali ya riske shi a tsakiyar damina, bai rubuta bashin da ke kansa ba, bai bayyana iyakar gonar da ya karɓa jingina ba. Har yau 'ya'yansa da ƙannensa ba sa gaisawa. Ba taƙawa ya rasa ba, Allah ya jiƙansa; ranar zama ya rasa.

Wannan aiki yana da asali. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana i'itikafi a goman ƙarshe na kowane Ramalana, a shekarar wafatinsa kuwa ya yi kwana ashirin. Imamu Gazali ya bar kujerar koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a shekarar 1095 domin ya binciki niyyarsa, kuma a cikin Ihya'u ya ware babi a kan muraƙaba da muhasaba, inda ya kamanta mumini da ɗan kasuwa mai bin diddigin abokin cinikinsa. Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, yana zaune a Sifawa ya raba al'amuran mulki tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello a 1812, ya duƙufa ga karantarwa da wallafa, har ya koma Sakkwato a 1815. In waɗannan sun bukaci janye jiki daga hidima, ina ga irinmu?

Ba halwar kwana arba'in nake nufi ba, wadda ba a shiga sai da izinin shehi. Kwana uku sun isa, bayan kaka, in amfani ya shiga rumbu kuma hankali ya kwanta.

Rana ta farko ta haƙƙin bayin Allah ce. Ɗauki alƙalami ka rubuta wanda kake bi da wanda ke binka, da ajiyar da ke hannunka, ka sa shaidu. Ka auna hatsinka: in ya kai nisabi, wato sa'i 300, ka fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ya shayar, rabin haka in ban-ruwa ka yi da wahalarka. Ka sabunta wasiyyarka, kada ta wuce sulusin dukiya.

Rana ta biyu ta jiki da iyali ce. Jiki amana ne. Ka je a auna jininka, a duba idon da kake karatu da shi. Ka gyara katangar da damina ta ci. Ka zauna da iyalinka ka saurare su, ka ji inda karatun yara ya tsaya, sannan ka taka zuwa gidan ɗan'uwan da kuka yi shekara ba ku gaisa ba.

Rana ta uku ta zuciya ce. Ka kashe waya, ka kaɗaita da Ubangijinka. Ka ƙidaya sallolin da ake binka da azumin da ba ka rama ba. Ka tambayi kanka wane hali guda ne ya fi cutar da kai a bana, fushi ne ko giba ko hassada, ka kai wa shehinka ya nuna maka magani. Ka zaɓi littafi ɗaya, ko Ahalari ne ko Risala, ka ɗaura niyyar sauke shi a gaban malami kafin taro na gaba.

Ya 'yan'uwa, kada mu watse sai kowa ya sa ranakunsa, ya kuma gaya wa wani ɗan'uwa amintacce da zai tuna masa. Da yawa daga waɗanda muka zauna da su a nan bara, yau addu'a muke yi musu.

Allah ya sa mu yi wa kanmu hisabi kafin a yi mana, ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya maimaita mana. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.