Sulhun 'Yan Daba da Asalin Kiɗan Hip Hop



Kiɗan hip hop ɗin nan da yara ke ƙure wa murya a waya, dattawa na cewa surutu ne, asalinsa unguwar Bronx ce a birnin New York na Amurka. An keta unguwar da babban titi, masu hali suka tashi, wasu masu gidajen haya suka riƙa sa a cinna wa gidajen wuta don kuɗin inshora. Samari suka raba layuka: nan na Black Spades, can na Savage Skulls. Ka shiga layin da ba naku ba sanye da rigar ƙungiyarku, sai dai a kwaso ka. Wanda ya zauna Kano ya san wannan doka. Daba ke nan, sunan ne kawai daban.

A Disamban 1971 wani saurayi na ƙungiyar Ghetto Brothers, Cornell Benjamin, ya je raba faɗa, aka kashe shi. Kowa ya wasa wuƙa yana jiran ramuwa. Jagoran Ghetto Brothers, Benjy Melendez, ya ce a'a. Cikin 'yan kwanaki shugabannin daba suka haɗu a zauren matasa na titin Hoe, aka yi ta cacar baki, aka tashi da yarjejeniya. Ba wai faɗa ya ƙare ba, kada a ruɗe ku. Abin da aka samu shi ne hanya: yaron wannan layi ya iya zuwa casu a wancan ya komo gida lafiya.

A wannan sarari ne, ran 11 ga Agusta 1973, wani ɗan asalin Jamaika, DJ Kool Herc, ya yi wa ƙanwarsa Cindy kiɗa a gida mai lamba 1520, titin Sedgwick. Ya lura masu rawa sun fi zabura inda waƙa ta ɗauke ganga ta rage, sai ya riƙa maimaita gurbin da faifai biyu. Gaba ta koma cikin da'irar masu rawa, ana kayar da abokin hamayya da ƙafa da baki.

Mu ma mun san aikin ganga. A da, Kassu Zurmi na kaɗa wa 'yan tauri, tsuma ke tashi. Amma dubi dambe bayan kaka: zuga iri ɗaya, sai dai akwai fage, akwai mai raba faɗa, a tashi a gaisa.

A 2023 kwamishinan 'yan sandan Kano, Usaini Gumel, ya kira 'yan daba su miƙa makamai, da yawa suka amsa. Madalla. To yaron da ya ajiye gariyo, ina zai kai zafin jininsa bayan isha'i?

Roƙona ga masu unguwannin Kanya Babba da ƙaramar hukumar Babura: a ware wa samari fili, a sa fitila da lasifika, dattijo guda ya zauna a gefe.